Akwatin Kawu Mai Ƙanƙara

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a gidansa da ke unguwar Mahjar a Jidda, kuma a kwana ukun nan ban ji wanda ya faɗi abin da Kawu zai so a faɗa a kansa ba. Mata suna shigowa su rungumi matarsa, wadda muke kira Inna, a miƙa musu gahawa da dabino, su nemi wuri su zauna. Sai a fara. Wannan ta ce mutum ne mai kyauta. Waccan ta ce bai taɓa ɗaga murya a layin nan ba, wanda kuma ba gaskiya ba ne, don ni kaina na sha jin muryarsa tun daga bakin titi. Can sai wata ta sassauta murya ta ce, Allah sarki, sai dai labarin ƙanƙarar nan nasa. A yi 'yar dariya a cikin mayafi, a ce Allah ya gafarta masa, kai ka ce wani zunubi aka tuno.

A wajen maza ma, inda aka jera kujeru a bakin layi, an gaya mini haka aka yi. 'Yan kasuwar kifi sun zo da yawa, wasu da ƙarnin aiki a jikinsu, suka yi kuka na gaske. Amma da aka zo maganar abin da ya sani, sai ɗaya ya ce ai marigayi ya taɓa zuwa ƙasar sanyi ya dawo da ita a ka. Ina zaune a ciki ina zuba gahawa, raina yana ta ɓaci, ba ni da damar cewa komai.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Shi ya koya mini rubutun ajami tun ina ƙarama, boko kuma na koya daga baya da kaina. A duk danginmu na Jidda ni kaɗai ke iya karanta Hausa ta hanyoyin nan biyu. Saboda haka ya ɗora mini aiki guda. Yana da akwatin ƙarfe irin na alhazan da, cike da zane-zane da littattafan da ya rubuta da ajami, duk a kan abu ɗaya: yadda ƙanƙarar zamanin da ta janye daga cikin teku. Ya ce in mayar masa da su boko, a aika gida, don yara su karanta da harshensu. Na ce to. Shekaru suka yi ta wucewa ina cewa to. Duk zaman makokin nan hankalina yana kan akwatin, na ƙudurta cewa da an yi addu'ar uku zan ɗauke shi in tafi da shi gidana a unguwar Sa'alaba, in cika alkawari ko da a makare.

Ga wanda bai san shi ba, sai na faɗi yadda ɗan manomi daga Nijar ya haɗu da wannan magana. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya zauna, kamar yadda dubban mutane suka yi. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har wani jirgin Turawa masu auna ƙasan teku ya ɗauke shi aikin jan igiya. A cikin jirgin akwai na'urar da ke aika sauti ƙasa ta saurari dawowarsa, tana zana surar ƙasan teku a kan doguwar takarda. Dole wani ya zauna yana rubuta lokaci da lamba a gefen takardar. Wata rana mai aikin ya kwanta ciwo, aka ba Kawu alƙalami, aka ga hannun wanda ya yi rubutun allo. Daga ranar bai sake jan igiya ba. Da jirgin ya gama da tekunmu ya nufi arewa mai nisa, sai suka nemi kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya sake shi, ya bi su har sau biyu.

Abin da ya gani a can shi ya hana shi zaman lafiya har ya mutu. Yakan ce ƙasa ba a bakin ruwa take ƙarewa ba. Tana ci gaba a ƙarƙashin ruwa mara zurfi sosai, tafiya mai nisa, sannan ta yanke ta faɗa rami. Wannan fili shi yake kira dakali. A zamanin sanyi, in ji shi, ƙanƙara mai kaurin da ya fi tsaunukan bayan gari ta gangaro daga tudu ta hau dakalin nan, ta zauna daram a kan ƙasan teku, har bakin ramin. Da duniya ta fara ɗumi sai ta fara ja da baya. Yanzu babu ita, ruwa ne kawai, amma sawunta yana nan. Ya ga dogayen layuka a jere kamar huɗar gona, inda ta ja ciki ta wuce. Ya ga tudun laka a gicciye, inda bakinta ya tsaya ya daɗe yana tara abin da ta kwaso. Ya ga ƙananan kunyoyi kusa da juna, inda ta riƙa janyewa kaɗan-kaɗan. Ya kuma ga wurare masu faɗi da babu komai, inda ta ɗaga ta yi iyo ta watse a lokaci guda.

Sun kuma riƙa cusa bututu a ƙasan teku su zaro laka. Yakan kwatanta mana yadda ake tsaga bututun gida biyu. A can ƙasa laka ce mai tauri cike da duwatsu, wadda ƙanƙara ta danne. A sama da ita laka mai layi-layi, da dutse ɗaya nan ɗaya can, waɗanda suka faɗo daga gutsattsarin da ke iyo. A can sama kuma laka mai laushi da ƙananan ƙwanso, alamar teku ta buɗe. Ya ce ranar da ya fahimci cewa ana karanta wannan daga ƙasa zuwa sama kamar shafi, bai iya cin abinci ba.

Da aikin jirgi ya ƙare ya dawo Jidda, babu wanda ke neman mai rubuta lamba a gefen takarda. Ya nemi aiki a wajen masu binciken teku, aka ce ina takardar shaidarsa ta makaranta. Ba shi da ita. Iƙamarsa ma, wato takardar izinin zamansa, leburanci ta ce. Sai ya sami wani kafilin mai masana'antar ƙanƙara, ya shiga kai wa 'yan kifi bulo-bulo a bayan tsohuwar mota. Haka ya zama Mai Ƙanƙara. Mutane suna ganin abin dariya ne, shi kuwa ko a jikinsa, don a ganinsa an ba shi kayan aiki ne kyauta.

Kowane yaro da ya tashi a layin nan ya ga tiren Kawu. Babban tiren Inna ne na cin shinkafa, wanda ta yi ta mita a kansa har ta gaji ta bar masa. Yakan zuba yashi ya daddale, ya yi tudu a nan, kwari a can, ya ɗora guntun ƙanƙarar da ta rage daga kasuwa, sannan ya riƙa zuba ruwa da buta a hankali daga gefe ɗaya. Sai ya ce mu zuba ido. Muddin ruwan bai kai ya ɗaga ta ba, tana nan zaune. Da ya kai, sai ka ga ta motsa ta saki yashi. Inda ya yi mata tudu kuwa sai ta maƙale ta ƙi tafiya.

“Ba gudu take yi ba, Uwata,” haka yakan ce mini. “Ja da baya take, ta sami abin dafawa ta tsaya. Amma in ƙasan da ke bayanta ya fi na gabanta zurfi, to ranar da ta saki, babu mai riƙe ta.”

Mu kuwa abin da muke jira shi ne ya gama mu wawushe ƙanƙarar mu tsotsa, da yashinta da komai. Ya san haka. Yakan harare mu ya ce kawunanmu sun fi bulon tauri, sannan ya fasa mana da kansa.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni kunya. In muka shiga Balad, tsohon cikin gari, sayayya, sai ya tsaya a gindin tsohon gida, ya kama yatsana ya ɗora a kan bango, inda ake ganin ƙwanso da murjani a cikin dutsen ginin. Ya ce teku ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Lokacin da ƙanƙarar arewa ta riƙe ruwan duniya, tekun nan namu ya ragu, bakin ruwa yana can nesa da inda jirage ke tsayawa yanzu. Da ta narke ruwan ya dawo. Yana magana da ƙarfi, masu kanti suna leƙowa, ni ina jan hannuna ina cewa Kawu mu tafi.

Rigimarsa mafi girma da yayansa ce, Kawu Babba, mai sayar da turare da carbi a Balad. Ranar wata Sallah muna cin abinci, Kawu ya fara lissafa wa samari dubban shekaru. Kawu Babba ya ajiye cokali ya ce ya daina cusa wa yara abin da bai gani ba, shi yana nan lokacin da aka yi?

Kawu ya ce, “Yaya, in ka fito da safe ka ga sawun mota a ƙofar shagonka, sai ka ga direba kafin ka yarda mota ta wuce?”

Kawu Babba ya ce wannan rashin kunya ce, kuma zama da Turawa ne ya jawo. Kawu ya ce shi dai duk takardar da ya rubuta da Bismillah ya fara ta, domin aikin Allah yake dubawa, wanda ya rufe ido kuma ba shi ya fi kowa tsoron Allah ba. Ya tashi bai gama cin abinci ba. Suka yi wata da watanni ba sa magana sai sallama. Amma da azumi ya zagayo, kullum kafin magariba sai ga bulon ƙanƙara a naɗe cikin buhu a ƙofar gidan Kawu Babba. Haka yake yi wa layin gaba ɗaya a shekarun da firji bai wadata ba, da duk gidan da aka ce yaro na zazzaɓi. Bai taɓa tsayawa a yi masa godiya ba, ajiyewa yake ya ja motarsa.

Sau ɗaya tak muka zauna aikin akwatin. Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar. Ya shimfiɗa tabarma, ya fito da littafi na farko, ina karantawa ina juyawa. Kawu ba mai sauƙin aiki ba ne, wannan kam sai na faɗa. Kowane layi sai ya tsayar da ni ya warware wata doguwar takarda ya nuna mini tudun da za mu zo kansa a gaba. Na rubuta shafi huɗu kacal kafin a kira magariba. Ina da miji, ina da yara, ina da aikin tafinta a wani asibiti da ke cinye mini mako. Na ce masa in haka za mu yi, sai mu shekara goma ba mu gama ba. Ya ce to mene ne shekara goma? Na yi dariya, na ce sai Juma'a mai zuwa.

Daga nan kullum da dalili. Yau suna, gobe biki, jibi yaro ba lafiya. In na je gaishe su nakan zauna wajen Inna a kicin, in leƙa ɗakinsa a tsaye. Bai taɓa yi mini gori ba. Iyakarsa ya nuna akwatin da haɓa ya ce, “Suna nan, Uwata.” Ni kuma in ce in sha Allahu. A raina ina ganin akwatin ƙarfe ne, ina za shi?

Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinya, aka yi masa sutura bayan la'asar.

Ranar uku, da baƙi suka ragu, na nemi babban ɗansa ya ba ni makullin ɗakin. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa ta ji ce fiye da ta faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce ɗakin a buɗe yake. Na shiga na tarar an share, an yi sadaka da tufafi kamar yadda aka saba. Akwatin yana tsakar gida a buɗe, an wanke shi an kifa a rana. Babu ko ƙyallen takarda a ciki.

Kawu Babba ne ya yi mini bayani, yana zaune a kujera da sandarsa. Ya ce jiya da safe suka buɗe akwatin shi da yaron. Suka ga takardu cike da layuka da gidaje huɗu-huɗu da lambobi, ga Bismillah a sama, ga rubutu da baƙaƙen Larabci wanda yaron ya karanta bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Shi kuma idonsa ya mutu, ba ya ganin ƙanana. Ya ce shi bai ce ɗan'uwansa ya yi tsibbu ba, Allah ya kiyaye. Amma duk wanda ya gani zai ce hatimi ne, kuma na san ƙasar da muke zaune, na san abin da ake yi wa baƙon da aka kama da irin wannan a gidansa. Ga jama'a suna shiga suna fita, ga yaron yana shirin sabunta iƙama. Zubarwa a shara ba ta yiwuwa tunda akwai sunan Allah. Ƙonawa kuma hayaƙi zai jawo tambaya. Sai suka yi abin da ake yi wa takarda mai tsarki in ta tsufa: suka zuba a buhu biyu da dutse, wani masunci abokin marigayi ya fita da su cikin kwalekwale ya saka a teku.

Ya faɗi haka ne yana jiran in ce sun kyauta.

Ban san na iya faɗa da babba ba sai ranar. Na ce masa gidajen da suka gani layukan taswira ne, lambobin kuma zurfin ruwa ne. Na ce ina cikin gidan nan, tsakanina da su bango ɗaya, ina zuba wa mutane gahawa, me ya hana a kira ni in karanta layi ɗaya? Na ce tun yana raye ba su saurare shi ba, ya mutu ma ba su bar shi ya yi magana ba. Na juya kan yaron na ce shi da ya girma yana tsotsar ƙanƙarar tiren nan, ashe bai gane zanen ubansa ba? Ya fara kuka yana cewa wallahi ya ji tsoro ne. Kawu Babba ya ciro carbi ya shiga ja.

Na shiga wajen Inna da sauran fushina. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, ta jingina da bango. Na tambaye ta ko ta sani. Ta ce ta sani, sun tambaye ta kafin su ɗauka. Na ce, Inna, ke fa kin fi kowa sanin ba sihiri ba ne. Ta ce ta sani sarai. Na ce to don me?

Da ta yi magana, ba da faɗa ta yi ba.

“Ya binti, 'yata, zauna. Tun ranar da kuka yi shafi huɗun nan, babu Juma'ar da bai shimfiɗa tabarma ba. Ya dawo masallaci, ya ci abinci, ya fiƙe fensir biyu, ya aika a sayo miki mutabbak ɗin da kike so, fanken nan mai nama a ciki. Ya zauna har magariba. In an kira salla ya naɗe tabarma ya ce aiki ya yi wa Uwata yawa. Ni nake cin mutabbak ɗin da sanyinsa, don kada ya ga an zubar. Ya hana ni gaya miki. Da suka tambaye ni jiya, na duba ban ga wanda zai karanta ba. Na ce halas, shi ke nan, ku kai masa abinsa teku.”

Na zauna kusa da ita har aka kira magariba, ita ce ma ta riƙa shafa bayana.

Shafi huɗun suna wurina. Gabatarwa ce kawai, bai ma kai ga ƙanƙarar ba, yana bayanin garinsu ne da yadda ya fara ganin teku. Sauran abin da na rubuta a sama daga ka na ɗauko shi, abin da kunnen yarinya mai jiran tsotsar ƙanƙara ya riƙe. Na san akwai kuskure a ciki, na san da yana nan da ya tsayar da ni a kowane layi. Sunayen wuraren, da zurfinsu, da wane tudu ne ya riga wane, duk sun tafi. Har yau ina jin haushin Kawu Babba, ina jin haushin yaron, ina jin haushin matan da suka yi dariya cikin mayafi. Sai dai duk lokacin da haushin ya taso ba ya daɗewa a kansu, gida yake dawowa.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya nuna masa abin da ya yi ta ƙoƙarin gani ta cikin ruwa. Ranar da za a fita da shi, liman ya tsaya ya roƙi duk wanda marigayi ya ɓata wa rai ya yafe masa, muka amsa daga cikin gida cewa mun yafe. Ni ma na amsa, da ƙarfi ma. Ban san a lokacin ba cewa ni ce ya kamata in roƙa, kuma an riga an ɗauke shi.